Muryar Baba a Sifikun Yaya Sani

Yanzu sauti ya yi arha. Ko'ina ka juya a bakin ruwan nan za ka ji wani abu na kuka a aljihun wani. Mai fiɗar kifi ta maƙala waya a kunne, mai tuƙin jirgi ya rataya wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanka girma ba, yana ta zuba waƙa tun daga wannan gaɓa har waccan, kuma ba mai ɗaga kai ya dube shi. Jikokina dariya suke yi in na ce musu an yi lokacin da magidanci zai ajiye tarunsa, ya taka har ƙarshen gari, don kawai ya tsaya a ƙofar ɗakin wani ya ji rakoda. Ba su yarda ba, ni kuma na daina gaya musu.

Mu da muka tashi, sautukan garinmu ba su da yawa, kuma kowanne mun san mai shi. Da asuba filafili ne ke bugun gefen kwalekwale, ɗaya bayan ɗaya, har ka iya cewa wane ne ya fita, wane ne ya makara. Sai tarin Inna a gaban banda, wurin da muke ƙyafe kifi, don hayaƙi ya riga ya zauna mata a ƙirji tun kafin a haife ni. Sai daka, sai nishin masu jan dala, wato babbar komar da ake ja daga tudu, sai ihun yara masu korar shirwa daga warangi, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a kan yashi. Ranar kasuwar Wara kuwa tun da hantsi za ka jiyo injin babban jirgi daga wajen Yelwa, yana tafe yana tari kamar tsohon jaki. Aikina shi ne itace da juya kifi. In na juya tarwaɗa da wuri ta fashe, in na jinkirta ta ƙone, ko ta wane gefe dai faɗa na jirana. Idanuna kullum jajaye. Wutar lantarki ba mu da ita, ko da yake a ƙarshen ruwan namu ake yin ta. Inna takan ce, "An cinye muna gari da ruwa don a yi wuta, wutar kuma ta bi ta bisa kanmu ta wuce." Tsohon garinsu na ƙarƙashin tafkin, da kabarin uwarta da komai.

Sama da duk waɗannan sautuka akwai muryar Baba. Mahaifina ba dogo ba ne, ba kuma mai dukiya ba, amma Allah ya ba shi maƙogwaro. In ya tsaya a bakin gaɓa ya dafa ƙugu ya yi kira, mutanen da ke su a tsakiyar ruwa, waɗanda kake hange kamar ƙudaje, sai ka ga sun juyo da jiragensu. Shi ke sanar da rasuwa, shi ke sanar da ɓatan yaro, shi ke raba rigimar koma. Da wannan murya kuma yake cin mutuncin mutane. Bai iya jan mutum gefe ya yi masa faɗa ba; in ka yi kuskure, gari duka zai ji, har da na tsallake. Ni kaɗai yake sassauta wa, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana. Amma ba wani namiji a garin da Baba bai taɓa tsinka shi a gaban jama'a ba, kuma ba wanda ya sha wannan kamar ɗansa na fari, Yaya Sani.

Yaya Sani tsoron ruwa yake yi, abin da ba a yafe wa ɗan masunci. Yana saurayi, har ya fara neman wata yarinya a unguwarmu, iska ta same su shi da Baba a tsakiyar tafki. Jirgin ya yi ta hawa yana sauka, Yaya ya saki filafili ya kwanta a cikin jirgin ya rufe kai, tsoro ya sa ya ɓata wandonsa. Baba shi kaɗai ya fito da su. Da suka iso gaɓa, mata na wanke-wanke, yarinyar nan tana cikinsu, sai Baba ya miƙe a cikin jirgi ya buɗe murya. "Ku zaka ku ga abin da na haifa! Ku kawo mishi zane, wando ya fi ƙarfinai!" Daga ranar sunansa ya koma Sani Zane. Yara na binsa da shi, yarinyar ta daina fitowa in ya aika. Bai daɗe ba ya hau motar bandar kifi mai zuwa Anacha, bai yi sallama da kowa ba sai Inna. Muka yi shekaru sai dai saƙon gaisuwa a bakin direbobi.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama mutanen Kebbi, a ita ce Baba ya faɗi. Yana zaune yana gyaran taru, sai aka ga ya karkace ya zube. Aka kai shi asibiti a Yelwa, aka dawo da shi da rai, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, yawu na zuba ta gefe. Maigidana a lokacin ya bi masunta can arewa, yakan yi watanni, don haka na dawo gida ina taya Inna jinya. Ni ke ba shi koko a baki, ni ke share masa haɓa, ni da Inna ke juya shi. Maganarsa ta lalace ƙwarai, kalmomin suna fitowa a narke, ba kai ba gindi. Ni da Inna kaɗai muke ganewa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, shi bai san yadda ta lalace ba. A cikin kansa daidai yake jin ta. Yakan ce harshensa ne ya ɗan yi nauyi, zai sake. Mu kuma ba mu gaya masa ba. In masu dubiya sun zo, yana gama magana sai in maimaita ta kamar ina gaskata shi, "Haka ne Baba, ruwan bana ya yi saurin cika," su kuma su kama daga bakina su amsa masa. Haka muka rufa masa asiri, yana kwance yana ba da umarni kamar da.

Ana cikin haka Yaya Sani ya dawo. Ya yi ƙiba, ya zama dillalin kifi, da agogo a hannu. Abin da gari ya fito kallo ba shi ba ne, kayan da aka sauke daga jirgi ne: sifiku biyu baƙaƙe na katako, kowacce ta kai ƙirjin mutum, an rufe fuskarsu da wani yadi mai raga, ƙarti na nishi kafin su ɗaga guda. Bayansu sai wani tsohon inji mai lotsattsen gefe, wato amfilifaya haɗe da gidan kaset, da batirin babbar mota. Ya shigo gida ya durƙusa ya gaida Baba, ya ajiye masa sabuwar riga fara. Baba ya dube shi da idonsa mai lafiya ya ce, "Zane ya dawo?" Na yi maza na ce, "Yaya, Baba na yi maka sannu da zuwa." Yaya Sani ya ɗago ya dube ni. "Na ji abin da ya ce," in ji shi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa ya fita.

Kafin zuwansa, rakodar da gari ke alfahari da ita ta Audu ce, mai injin niƙa. Injin rakodar tasa fari ne kamar azurfa, da maɓallai birjik, da wasu fitilu koraye masu tsalle in waƙa na tashi. Daga Makka wani alhaji ya zo da shi. Sifikunsa kuwa ƙanana ne, ba su fi bulo ba. Samari sukan cika ɗakinsa su zuba wa fitilun ido. Da Yaya Sani ya kunna nasa a karon farko, har kwanonin Inna suka yi ta rawa a kan kanta, samarin nan duk suka kwashe suka koma wurinsa. Audu bai haƙura ba. Kullum da yamma a gindin tsamiyar bakin gaɓa, inda maza ke gyaran koma, gardama ɗaya ce. Audu ya ce, "Inji shi ne kai. Sifika baki ce kawai, abin da kai ya ba ta shi za ta faɗi. Wanga gwangwanin naka ko a bola ba a ɗaukar shi." Yaya Sani ya ce, "To a ba ka kan malami da bakin akuya, ka yi muna karatu mu ji." Aka fashe da dariya. Audu ya ce ƙara ba daɗi ba ce, ko jaki ya iya ƙara. Yaya ya ce ba ƙara yake magana ba, abin da ke cikin kaset duka yake son ya fito, na Audu kuwa rabi yake haɗiyewa. Gari ya rabu biyu. Har mata a bakin banda sai ka ji wata na cewa ita ta inji ce, wata ta sifika, alhali ba wadda ta taɓa taɓa ko ɗaya. Inna ta ce, "Su duka biyun ba su kama ko kurungu."

Wani dattijo mai saƙar taru ne ya kawo shawarar da ta jawo komai, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ya kawo ta. Ya ce da waƙa ba za a raba gardamar ba, tunda ba wanda ya taɓa jin mawaƙin ido da ido, balle ya san wace rakoda ce ta faɗi gaskiya. A ɗauki muryar wani da kowa ya sani, a sa a nan, a sa a can, kunne ya yi hukunci. Aka ce wa za a ɗauka? Yaya Sani ya ce, "Ku bar mini wanga. Na san murya wadda ba wanda bai sani ba." Ni ban ji wannan ba sai daga baya.

Abin da na gani shi ne, wata safiya ya shigo da injin Audu da makirufo, don an yi sharaɗi da na Audu za a ɗauka, kada ya ce an yi masa maguɗi. Ya zauna a tabarma kusa da Baba, abin da bai taɓa yi ba tun dawowarsa. Ya gyara masa matashi. Ya ce, "Baba, yara na tasowa ba su san kiranka ba. Ina son in aje shi cikin kaset, ko bayan ranmu a ji." Na ga idon Baba ya kawo ruwa. Na yi maza na ce, "Yaya, a bari ya ƙara samun sauƙi mana." Baba ya galla mini harara, ya tsayar da ni da hannunsa mai lafiya. Muka tayar da shi zaune, na tallafe shi ta baya. Ya ja numfashi, ya yi kiran da yakan yi in ya hango hadari kafin kowa: hadari ya taso, ku juyo gida. Abin da ya fito shi ne, "Adayi yaaso, u yuyo iya!" Yaya Sani ya ce, "Madalla, Baba. Ƙara, da ƙarfi, kamar da." Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, har ya sarƙe da yawu ya kama tari. Ina share masa baki ina cewa ya yi a hankali. Da suka gama Baba ya kwanta yana haki yana murmushi da rabin baki. Yinin ranar har abinci ya ci da yawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Yaya ya aiko samari biyu daga cikin masu yi masa dako, wai a kawo Baba ya ji muryarsa. Baba ya sa na ɗauko farar rigar nan da bai taɓa sawa ba, na sa masa hula, na shafa masa turare. Inna tana banda, kifi na kan wuta, ba ta iya tashi ba. Suka ɗauke shi a kan kujera har gindin tsamiya, suka ajiye shi a gaba, ni kuma na ja gyale na tsaya a bayansa. Gari duka na wurin, maza a zaune, mata daga nesa, yara a kan jiragen da aka kife. Baba na ta ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. Rabon da ya ga ruwa da idonsa tun ranar da ya faɗi.

Da na Audu aka fara. Fitilu koraye suka yi tsalle, wani siririn sauti ya fito daga ƙananan sifikun, kamar gyare a cikin gwangwani, iskar tafki na kwashe rabinsa. Mutane suka karkata kunne. Wani ya ce, "Mi ne ne wanga? Akuya ce?" Ba wanda ya gane ko muryar wa ce. Baba ya yi tsaki, ya ce mini injin nan banza ne, ya ɓata masa kira. Na ji sanyi a raina. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba, mu tafi gida." Audu na ta kame-kame, wai iska ce, wai kaset ɗin ne ba shi da kyau. Yaya Sani ya matso. Ya zare kaset ɗin, ya mayar da shi farko, ya sa a lotsattsen injinsa, ya maƙala wayoyi a batir, ya danna.

Abin da ya fara fitowa numfashi ne. Numfashin Baba, mai nauyi, mai kurman kuka a ciki, kamar bijimi na tsaye a bayan kowa. Sai ƙarar haɗiyar yawu. Sannan kiran ya fito, ya cika gindin tsamiya, ya bi kan ruwa, har balbelu suka tashi daga cikin kainuwa, masu su na kusa suka waiwayo. Amon na Baba ne, ba mai musu, irin wanda ya tashe mu tun muna yara, amma kowace kalma a murɗe, kowane santsin harshe a fili, ba abin da ya ɓuya. "Adayi yaaso, u yuyo iya!" Baba ya juyo da ƙyar ya dube ni ya ce, "Uwata, wane ne wanga?" Na buɗe baki zan yi masa ƙarya, sai muryata ta riga ni. Ta fito daga sifikun nan tas, yadda take, ba ragi ba ƙari, tana cewa, "Baba, a hankali, a hankali." Ya ji ta, ya san tawa ce, ya san ba abin da inji ya ɓata a cikinta. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane.

Wani yaro a kan jirgi ya maimaita, "Adayi yaaso!" Sai dariya ta ɓarke. Ba kowa ya yi ba, akwai dattawan da suka sunkuyar da kai, amma ba wanda ya ce a kashe. Mutanen da Baba ya yi shekaru yana tozartawa ne, yau ga shi an ajiye musu shi a kujera da farar riga. Wasu har da riƙe ciki. Audu ko kallon Baba bai yi ba, shi ta gardamarsa yake. Ya ce ba a gama ba, a haɗa injinsa da manyan sifikun a ji. Aka kwance wayoyi aka ɗaura, aka mayar da kaset farko, Baba ya sake yin kiran. Bambancin kaɗan ne: shuuu ɗin da ke bayan muryar ya ragu, kuma da aka murɗa aka ƙara sauti sosai muryar ba ta yi gargada ba. Audu ya yi tsalle, "Kun ji? Kun ji aikin inji?" Yaya ya ce, "To a sa nawa da naka ƙanana." Aka sa, gyaren cikin gwangwani ya dawo. Aka sake komawa kan manya don wasu sun ce ba su ji da kyau ba. Duk juyin da za a yi sai an mayar da kaset farko, sai Baba ya ja numfashi, ya haɗiye yawu, ya yi kira, ya sarƙe, ya yi tari, a gaban kansa.

Shi kuwa ba ya iya tashi. Na je wurin samarin da suka kawo shi na ce don Allah su mayar da shi. Ɗaya ya ce, "Sai an ƙare, haka maigida ya ce." Na roƙi wani maƙwabcinmu, ya ce ba ya shiga tsakanin ɗa da uba. Na sa hannu a hammatar Baba na yi ƙoƙarin ɗaga shi, ɓarin da ya shanye ya rinjaye ni, saura kaɗan mu zube tare, hularsa ta faɗi ƙasa. Yawu na zuba a kan farar rigar, bai ko yi ƙoƙarin juya kai in share ba. Sai ga Inna. Ta jiyo daga banda, ta taho ba gyale, hannunta duk baƙin hayaƙi. Ta ratsa maza ta tsaya a gaban ɗanta ta ce, "Sani, ka gama?" Yana tsugune yana murɗa waya, bai ɗago ba. Ya ce, "Saura kaɗan, Inna." Ta juya ta durƙusa a gaban kujerar, ta ce in ɗora mata shi. Ciwo ya riga ya cinye shi, amma duk da haka namiji ne. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure shi a bayanta kamar goyo, ta miƙe da ƙyar, ni na riƙe ƙafafunsa don kada su ja ƙasa. Dariyar ta mutu, mutane suka buɗa mana hanya. Amma ba wanda ya tuna ya kashe injin, kiran ya bi mu har ƙofar gida.

Baba bai sake magana ba. Ba ciwon ne ya ƙaru ba, shi ne ya rufe bakinsa. In yana son ruwa ya nuna randa, in yana son juyi ya buga tabarma. Salla ma da leɓe yake yi, ba sauti. Na yi ta jansa da hira, ina kawo masa labarin wanda ya kama giwan ruwa, da wanda komarsa ta yage, yana kallon rufin ɗaki. Na ce masa, "Baba, ko sunana ka kira sau ɗaya." Ya rufe ido. Da damina ta zo, wata rana na fito da shi ƙofar ɗaki yana shan iska, sai na ji ya damƙe mini wuyan hannu. Ya hango hadari a gabas tun yana ɗan baƙi kamar tafin hannu, jirage kuma duk suna waje. Na ga ƙirjinsa ya cika, bakinsa ya buɗe. Sai ya mayar ya rufe, ya sake ni. Na ruga gaɓa na yi ta ihu, muryata ko ciyawar bakin ruwa ba ta wuce ba. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, sai komaye da suka tafi. Kafin ruwa ya janye a shekarar ya rasu, da rana tsaka, ina juya kifi.

Gardama kuwa ta ƙare, gari ya yanke cewa Yaya Sani ya ci. Daga nan duk wanda ya sami sukunin sayen rakoda, tambayarsa ta farko girman sifika. Kafintocin Wara suka shiga ƙera manyan akwatuna, samari na cusa musu sifikun tsofaffin motoci. Audu ya yi fushi ya sayar wa Yaya da farin injin, ya zamana shi ke da duka biyun, ya kwashe ya koma Yelwa inda akwai wuta. Yakan aiko wa Inna da buhun shinkafa, ita kuma ta sa a kai masallaci a raba, ko ƙwaya ba ta taɓa sawa a bakinta ba har ta bar duniya. Kaset ɗin kuma bai tsaya a hannunsa ba. Wani ya ara ya kwafa, wani ya kwafa daga na wancan. Na taɓa shiga motar Kwantagora da kwandon kifi, direba ya sa shi don fasinja su yi dariya, suka kuwa yi, ina zaune a tsakiyarsu na ja gyale na rufe fuska. Kaset ya mutu tuntuni, amma maganar ba ta mutu ba. Har yau a garuruwan bakin ruwan nan, in gari ya haɗe, za ka ji yara na gudu suna kwashe shanya suna ihu, "Adayi yaaso!" Sun ɗauka wasa ne na yara da aka gada. Jikokina ma suna yi.

Sau ɗaya na tambaye shi. Mun riga mun tsufa, ciwon suga ya ci masa ido, yana kwance a wani ɗaki a bayan gidan ɗansa a Yelwa. Na kai masa tuwo da miyar kifi. Muka yi hirar waɗanda suka mutu, har hira ta ƙare, sai na ce, "Yaya, ranar nan ta gindin tsamiya, mi ya sa?" Na zaci zai ce mini saboda zanen nan ne. Da ya faɗi haka, da na fahimta, wataƙila ma da na yi kuka tare da shi, don ni ma ina bakin gaɓa ranar da aka yi masa nasa. Ya juya makafin idanunsa wajen taga, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ke dai kin ji yadda ta fito?" in ji shi. "Ko haɗiyar yawu ba ta ɓace ba. Da wancan tsohon gwangwanin fa! Ai ba a ƙara yin sifiku irin waɗanga ba."

Ya ce in ba shi ruwa. Na zuba masa, na riƙe masa kofin har ya gama sha. Na share masa haɓa. Sannan na ɗauki kwanona na fita neman ɗan acaɓa zuwa tasha, ban kuma sake taka gidan ba sai ranar da aka kira ni cewa ya rasu, na iske wankan gawa ya ƙare.